Akwatunan Lakwal da Irin da Na Hana Baba

Ku ɗiyana, na iso wurin da na daɗe ina kewayewa cikin wannan rubutu. Na san abin da kuke ji duk sa'ad da kuka tafi gida wajen Bawdeta, biki ko gaisuwar mutuwa. Ba a rasa mai nuna maku gonar gabas, mai itatuwan gawo uku, ya ce ta kakanku ce, ubanku ne ya yi sanadin fitarta daga gidanmu. Ke Zainabu kin taɓa dawowa ido jajir, kika tambaye ni ko gaskiya ne na hana mahaifina iri a shekarar yunwa. Ran nan tsawa na yi maki, kuma ban kyauta ba. Gaskiya ne, na hana shi. Sai dai akwai abin da ya zo kafin nan da abin da ya biyo baya, waɗanda suka gani da idonsu kuwa duk sun riga ni, har innarku. In ban faɗa ba, ba mai faɗa. Zan rubuta shi yadda ya faru, har da inda bai yi mani kyau ba.

Lokacin soji ke riƙe da ƙasa, fari kuma ya komo karo na biyu a idona. Ina mushe, wato malamin boko, a wani ƙauye kusa da Kanambakashe, makarantarmu lakwal ce mai aji uku, biyu na laka ɗaya na zana. Damana ta fara kamar da gaske, sannan ta ɗauke. Hatsi ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye, ko karan kirki ba a samu ba. Kafin sanyi ya wuce lakwal ta zube. Kullum da safe in na kira suna sai in ji wani daga baya ya ce sun yi kudu, ko an kai shi wurin gwaggonshi a Maraɗi. Waɗanda suka rage na tara su aji guda, ƙanana da manya. Kafin hantsi ya yi zafi rabinsu sun kifa kai bisa tebur, ba lalaci ba ne, ba komai cikinsu. Buzayen da dabbobinsu suka ƙare a arewa sun sauko sun kafa ƴan bukkoki bayan rijiya, ɗiyansu kan zo su tsaya bakin taga suna kallonmu. Ni da innarku Hadiza muna ɗaki guda a gidan maigari, Zainabu na goye, ita kaɗai gare mu.

Cikin haka takarda ta zo daga sufeton makarantu, wai in je Tasawa. Na tafi a tsorace, don a zamanin nan kira daga sama ba abin murna ba ne. Ashe aiki ne. Wasu ƙasashen waje sun aiko da kayan koyarwa don makarantun ƙauyukan Tasawa da Mayahi, amma sun zo a hargitse, cikin akwatunan katako da buhuna, an zube su a wata mangaza, babban ɗakin ajiya, bayan kasuwa. Ana neman wanda zai rarrabe su, ya haɗa ma kowace lakwal kayanta daidai da ajin yara. Wani ya gaya ma sufeto ni mai taɓe-taɓe ne, ina gyara rediyo, ina ƙera ma yara kayan lissafi da gwangwani da kara. Ya ce za a riƙa ba ni buhun dawa kowane wata har aikin ya ƙare. Da na koma na gaya ma Hadiza, ina ta jan magana a kan yaran da zan bari, sai ta katse ni.

"Mushe, buhun dawa ka ce?"

"Buhu guda, kowane wata."

"To mi muke jira? Rabi namu, rabi na Baba. Yaran nan ko ka zauna ba tuwo za ka ba su ba."

Haka muka kwashe muka koma Tasawa, muka samu ɗaki a gidan wata tsohuwa mai sayar da daddawa. Rabin dawar nan kuwa ba a taɓa fashin aika shi ba, Hadiza ce da kanta ke auna shi ta ɗinke bakin buhu. Amma gidan Baba ya yi nauyi. Innata ta daɗe da rasuwa. Yayana Habu ya bi ta daji ya shiga Najeriya neman abin da zai aiko, don iyaka a rufe take, ya bar ma Baba matarshi da ɗiya biyar, kuma tun da ya tafi ba a ji ɗuriyarshi ba. Ga ƙannena mata biyu. Rabin buhu a gida irin wannan ko tsakiyar wata ba ya kaiwa.

Abokin aikina a mangaza Malam Ilo ne, kafinta, gajeren dattijo mai yatsa huɗu a hannun hagu, wanda bai taɓa taka lakwal ba. Shi ke warware katakon da kayan suka zo ciki ya ƙera akwatuna, ni in cika su. Kowace lakwal akwati uku: na ƙanana, na tsakiya, na manya, muka shafa ma murafen fenti daban-daban don kada a ruɗe. Na ƙanana bai ba ni wuya ba, ƴan alluna ne da alli, da haruffan kwali, da ƙwallayen ƙirga da muka zura a waya goma-goma. Na tsakiya shi ne mai rigima. Sikeli ya zo, duwatsun awonshi ba su zo ba. Mun yi sati muna zazzage buhuna, daga baya Malam Ilo ya saɓa sikeli guda ya kai wurin wani maƙeri abokinshi, suka yi ta yankan ƙarfe suna gwadawa da dutsen mai sayar da sukari har ya zauna daidai. A ciki akwai mita mai naɗewa, da gwangwanin lita, da gilashin nan da ke sa tururuwa ta koma kamar ƙwaro babba. Na manya kuwa shi ne abin kallo: pil, wato batir, da waya da ƙwan tocila, da mayen ƙarfe, da taswira, da rediyo guda don sauraron darasin da ake watsowa daga Yamai. Takardar bayanin da ta biyo kayan don yaran wata ƙasa aka rubuta ta, har da cewa a ɗauko ƙanƙara a sa a kofi a ga yadda take narkewa. Na zauna na sake ta da hannuna, na sa abin da mushe na ƙauye zai iya samu kusa da shi. Kowane ƙwai sai na gwada shi, kowace rediyo sai na kunna ta, don na san wanda ke can bayan Mayahi in ya buɗe akwati ya tarar da abu a mace ba shi da inda zai kai kuka.

Ranar da na fara haɗa waya da pil ƙwan ya kama, Malam Ilo ya aje zarto ya zo ya duƙa yana kallo.

"Mushe, wannan shi za a koya ma yara?"

"Shi ne. Da hannunsu za su haɗa shi."

"To ɗan da bai ci ba, yana ganin haske?"

"Yunwar nan za ta wuce, Malam Ilo."

"Allah ya sa. Sake kunnawa in gani."

Ba zan ɓoye maku ba, na so aikin nan. A waje mutane sun yi layi tun asuba a ƙofar mangazar taimako da ke maƙwabtaka da mu, mata da ƙwarya a hannu, soji na tsare da ƙofa. A ciki ni ina jera kaya ɗaya bayan ɗaya, komai na da wurinshi, komai na tafiya daidai. Yanzu da na tsufa na gane har da gudu a cikin wannan so. Mangaza ta zame mani wurin da ba na jin kukan kowa.

Abu na ƙarshe da ya shigo shi ne iri. Gwamnati ta ce kowace lakwal ta yi gona, sai aka kawo irin hatsi mai saurin nuna, an barbaɗa mashi wani jan magani don ƙwari, wanda ba a ci. Za a sa shi a akwatin manya tare da ma'aunin ruwan sama, yara su shibka, su riƙa rubuta abin da suka gani. Buhunan kaɗan ne, an riga an auna, tiya biyu kowace lakwal, ba ragowa. Sufeto da kanshi ya zo ya ba ni mabuɗin ƙaramin ɗakin da aka aje su.

"Wannan a wuyanka yake," in ji shi. "Ka san yawancin ƙauyukan nan sun cinye irinsu. Abin da ya fito daga gonar lakwal shi ne irin gari na baɗi. Ba darasi ne kaɗai ba."

Na karɓa. Kuma in zan faɗi gaskiya, ban da amana akwai tsoro. A shekarun nan labari bai yankewa na ma'aikacin da aka kama ya taɓa kayan taimako, an jefa shi mota ba a sake ganin shi sai bayan shekaru. Ana cewa shugaban ƙasa kan faɗo gari ba sanarwa ya ce a buɗe mashi mangaza. Mabuɗin nan a wuyana na rataya shi, ƙarƙashin riga.

Baba ya zo ƙarshen bazara, ranar kasuwa, hadari ya fara taruwa a gabas da maraice yana watsewa. Da ƙafa ya zo, tun asuba ya taso. Ya fara biyawa gida, Hadiza ta ba shi ruwa da ɗan kunu, ta ce ya jira tuwo, ya ce sai ya gan ni tukuna. Ina duƙe ina ƙulla buhunan iri na ji sallama. Na ɗago ban gane shi ba nan take. Kakanku dogo ne mai faɗin kafaɗa, mutum ne da kan ɗauki damin hatsi biyu a ka. Wanda ke tsaye bakin ƙofa riga ce kawai rataye a ƙashi. Na durƙusa na gaishe shi, Malam Ilo ya share mashi bisa wani akwati ya zauna. Ya daɗe yana duban kayan da muka jera, ya ɗauki mayen ƙarfe ya jujjuya ya aje. Sannan ya yi magana, idonshi na ƙasa.

"Sani, an ce akwai iri a hannunka."

"Akwai, Baba, amma na lakwal ne."

"Na ji. Namu mun ci. Cikin tulu na zuba shi, na liƙe baki da laka, na rantse ba mai taɓa shi. Da autan Habu ya kwanta, ya kai ko kuka ba ya iyawa, ni da hannuna na fasa tulun. Ban zo neman buhu ba. Tiya huɗu ta ishe ni in rufe gonar gabas da ta bayan gida."

Malam Ilo ya daina buga ƙusa. Tiya huɗu irin lakwal biyu ke nan, gari biyu. Wata zuciya ta ce mani ba sai na hana kowa ba, in ɗebi tafi guda daga kowane buhu, wa zai auna? Hannuna har ya kai ga igiyar mabuɗi. Sai na tuna ni ne na rubuta tiya biyu a jikin kowane murfi, na sa hannu a ƙasa. Na tuna sojin da ke bayan bango. Na tuna cewa in na ɗiba ma Baba yau, gobe Malam Ilo ma yana da gona, mai gadi ma yana da gona, kuma ba ni da bakin hana su. Duk wannan ya zo mani lokaci guda, kuma har yau ban iya raba maku nawa ne amana nawa ne tsoro ba.

Zuwa nan ban ga laifina ba. Abin da na yi bayan nan shi ne laifin. Maimakon in zauna ƙasa gabanshi in yi mashi bayani kamar ɗa da uba, sai na miƙe tsaye, shi yana zaune. Na ciro takardar sufeto daga aljihu na buɗe. Ina jin don kada muryata ta karye ne na ari muryar ma'aikacin ofis.

"Baba, kayan gwamnati ne, an ƙirga su. Ga shi nan a rubuce. C'est interdit."

Kalmar nan ta Faransanci, mai nufin an hana, ban san sa'ad da ta fito ba. Baba ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun da ya shigo.

"Da yaren nasara kake ba ni amsa?"

"Ba haka ba ne, Baba..."

"Ni na kai ka lakwal ɗin nan bisa jaki, kana kuka, mutanen gari na cewa na ba da ɗana kyauta. To, ka yi karatu. Allah ya taimaka."

Ya dafa gwiwa ya tashi, ya sa takalmanshi ya fita. Na tsaya da takarda a hannu. Ban bi shi ba. Na ce ma kaina bari ya huce, ai zai koma gida wurin Hadiza ya ci tuwo, in na tashi aiki sai in same shi mu yi magana. Na koma na duƙa kan buhuna kamar ba abin da ya faru. Can Malam Ilo ya ce, bai ko juyo ba:

"Mushe, da ka ce mani in fita in sha iska, da na fita. Ko ka ba shi, ko ka hana shi, bai kamata a yi a gabana ba."

Da na koma gida Baba bai biya ba. Tuwonshi na nan a rufe. Na gaya ma Hadiza duk yadda aka yi, ban rage komai ba, har kalmar. Ba ta yi mani faɗa ba. Tambaya guda ta yi, ko na bi shi. Na ce a'a. Ta gyara goyonta ta tashi ta ba ni wuri. Washegari da safe na tarar ta sauko da kwanukan aurenta daga jere, tana ɗaure su cikin zane. Kwanuka ne masu furanni da tasoshi da innarta ta yi shekaru tana tara mata, su kaɗai ne abin da ta mallaka a duniya.

"Ina za ki da su?"

"Wurin kawuna a Kanambakashe. An ce bai cinye irinshi duka ba."

"Hadiza, ki bari in nemi wata hanya."

"Wace hanya, Mushe? Hadari ba ya jiran ka nemo ta. Kai ka riƙe na lakwal, ka yi daidai. Ni kuma ka bar ni in yi nawa."

Ta tafi da Zainabu a baya, kaya a ka. Kamyo, babbar motar kaya, sai ranar kasuwa, don haka ta yi kwana biyu kafin ta isa. Kawun ashe shi ma ya cinye, amma ya raka ta wurin wani mutum da ke da saura. Mutumin ya karɓe kwanukan duka, har da faifan rufi, ya auna mata tiya uku. Tana can ruwan shibka ya sauka, ruwa mai yawa, tun daga Mayahi har kudancin Tasawa. Ba ta biyo ta wurina ba, kai tsaye ta wuce ƙauyenmu, rabi a amalanke rabi da ƙafa. Ta tarar da Baba a gonar bayan gida yana saran rami, jikoki na bin shi suna zuba iri. Ganin ruwa ya sauka ba shi da ko ƙwara, ya je wurin wani maƙwabci mai hali, a gaban shaidu ya ba da gonar gabas, aka ba shi iri da ɗan hatsin da zai kai iyalin gidan har kaka. Kwana uku ke nan da yin haka. Ita ce ta ba ni labarin abin da suka ce da juna.

"Shi ya aiko ki?"

"Ni na zo, Baba."

Ya buɗe ƙullin ya duba, ya sa hannu ya murza ƙwayar. Sannan ya dube ta.

"Ina kwanukanki?"

Ta sunkuyar da kai. Ya ce Allah ya yi mata albarka, ya kira ta ɗiyarshi, ya karɓa. Da irin nata ya cike inda shibka ba ta fito ba, ya kuma ba wata bazawara maƙwabciyarsu saura. Hadiza ta dawo Tasawa ƙafafunta sun kumbura, ta sauke goyo ta zauna bakin ƙofa ta ce mani ta makara. Daga nan ba ta sake ta da zancen ba har ta koma ga Allah. Ku kun tashi kun ga ɗakin innarku ba jere irin na sauran mata, kuna zaton ba ta damu da ado ba ne. Sau biyu na so in maye mata su, tana cewa a sayo maku littattafai.

Akwatunan kuwa mun fitar da su cikin gaggawa, don ƙasa na da laima. Kamyo ya kai mu Mayahi, daga can amalanke da raƙuma. Ban manta da wani ƙauye can arewa ba, inda muka tarar da mushe da yara ba su fi cikin tabarma biyu ba. Na buɗe akwatuna ina nuna mashi sikeli da rediyo, mutanen gari sun kewaye mu, amma ba mai kallon rediyo. Duk idonsu na kan ƙullin jan iri. Maigari, tsoho ne tsaran Baba, ya karɓe shi da hannu biyu, ya tambaye ni sau uku ko duka nasu ne. Kafin mu gama shan ruwa gari ya fita gonar lakwal, maza na sara, yara na zuba ƙwara ƙwara ana yi masu tsawa kada su zubar. Na tsaya ina kallo, raina ya yi sanyi, kuma a lokaci guda kamar ana suka ta, don fuskar mahaifina nake gani a ta tsohon nan. Ba ko'ina abin ya yi kyau ba. Akwai inda ruwa ya sake ɗaukewa shibkar ta ƙone, akwai inda aka wanke jan maganin aka daka aka ci, mutane suka kwana biyu da ciwon ciki. Amma a wurare da dama gonar lakwal ta yi, aka raba zangarniya gida-gida aka rataye don baɗi. Ni kuma na koma lakwal ɗina da akwati uku. Ɗiyan Buzayen nan da ke tsayawa bakin taga, ƙwan tocila ne ya shigo da su ciki. Wata yarinya cikinsu ce ta fara haɗa shi ya kama, ta saki wayar ta ruga waje da ihu, sannan ta dawo.

Shekara biyu Baba bai dube ni ba. Ina zuwa da salla, in durƙusa in gaishe shi, ya amsa, ya tambayi Hadiza da yarinya, ya juya ya ci gaba da tufkar igiyarshi. Yaya Habu ya dawo hannu wofi bayan wahalar da shi kaɗai ya san ta, ya tarar gonar da yake sa rai ta tafi. Daga bakinshi maganar da kuke ji ta fito, kuma ban ga laifinshi ba. Ɗiyanshi ne suka tashi da ƙarancin gona, ba ku ba. In sun faɗa, kada ku yi musu da su.

A shekara ta uku, bayan kaka, aka aiko Baba ba shi da lafiya yana neman na. Na iso da azahar na tarar da shi kwance bisa tabarma a zaure. Ya ce ma matan gida su ba mu wuri. Na zauna ƙasa wajen kanshi.

"Sani, ranar nan da na baro ka, ka san inda na tafi?"

"Na ɗauka gida ka wuce, Baba."

"Akwai wata tsamiya bakin hanya. Nan na zauna har la'asar. Ina jira ko za ka biyo ni."

Ya huta, sannan ya ci gaba.

"Ba iri nake jira ba. Tun da na ga yadda ka jera kayan nan na san ba ka bayarwa. Kai nake jira."

"Baba, ka gafarta mani."

"Tsaya in gama. Da ka ba ni da na karɓa, kada ka yi shakka. Jikokina na kwance, ba abin da ba zan karɓa ba. Kuma da na shibka shi, duk ranar da na dubi gonar sai na tuna na ɗiyan wasu ne. Hanin nan ban riƙe ka da shi ba, ko ran nan. Takardar nan ce da ka buɗe mani. Na ga ɗana ya tsaya a kaina kamar bai san daga inda na taso ba."

Na kifa kaina bisa tabarma kusa da hannunshi ina kuka, ni da gemuna. Ya bar ni na yi mai isata. Can ya dafa ƙeyata.

"Ya isa, na yafe. Ɗaga ni in zauna, bayana ya gaji."

Na ɗaga shi, ba nauyi ko kaɗan. Ya jingina da ƙirjina, yana tambaya ta wane ne maƙerin da ya yi duwatsun sikeli, don Hadiza ta ba shi labari kuma abin ya burge shi. Muna nan har aka kira la'asar, na kawo mashi ruwa na yi mashi alwala. Kwana tara bayan nan ya rasu.

Da aka share makoki, a hanyar komawa na sauka Tasawa. Na je bayan kasuwa, mangazar na nan, wani ya mai da ita wurin aje fatu. Na tambayi masu zaman wurin ko akwai tsamiya a hanyar Bawdeta, don ban san ko wace ce Baba yake nufi ba, na ɗauka can wajen gari take. Wani ya ɗaga hannu ya nuna mani. Daga bakin ƙofar mangazar ana hango ta.